Maganin Idon Goggo Dudu a Hanyar Garwa

Tun ranar da aka koma makaranta ba ku bar ni na sha ruwa ba. Na shiga ofishin malamai, Malama Kulu yaya Garwa. Na fita sayen ƙosai, Malama Kulu da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu. Malama Rifkatu ma har gidanmu a Luggere ta biyo ni, wai gaisuwa ta zo, alhali labari ne ya kawo ta. To ga shi na rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta ya miƙa wa na kusa da shi. Amma ku sani ni ba yawon shan iska na je ba. Hula ce ta kai ni, ita da wata tsohuwa mai taurin kai.

Tsohuwar ita ce Goggo Dudu, yayar babana. A Mubi take zaune da ƙanwarta Asta wadda suke uwa ɗaya, dukansu mazajensu sun rasu, suna ɗinkin hula suna ci da kansu. Ranar da masu bindiga suka shiga garin kowa ya fita da abin da ke jikinsa. A bayan gari aka tura Goggo cikin wata mota, Asta ba ta samu shiga ba. Goggo ta yi watanni a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi kafin mu ji inda take mu ɗauko ta. Asta kuwa shiru, fiye da shekara goma. An yi cigiya har an gaji, aka koma yi mata addu'a irin ta mamaci. Ban taɓa jin Goggo ta ce amin a wannan addu'ar ba.

Sai kuma idonta ya bushe. Haka likita ya faɗa mana, ya ce ruwan da ke wanke ido ne ya yi mata ƙaranci, shi ya sa take jin kamar an zuba mata yashi, gani kuma ya koma dishi-dishi. Da farko na kwalba muke saya, sai ya riƙa ƙara mata raɗaɗi. Likita ya ce na kwalba akwai sinadarin da ake sa masa don kada ya lalace, idonta kuma ba ya jure shi tunda sau da yawa take ɗigawa. Ya rubuta mana wanda babu wannan sinadarin. 'Yan robobi ne manne da juna biyar-biyar, kowace ba ta kai ɗan yatsa ba. A murɗe kai, a ɗiga, a yar da saura, domin in an buɗe babu abin da zai tsare shi daga lalacewa. Sau huɗu a rana.

Wannan "a yar da saura" shi ne yaƙina da Goggo. Matar da ta zauna a Malkohi ba ta yar da komai. Ledar burodi wanke ta take ta shanya. Gwangwanin tumatir yana da aiki, murfin kwalba yana da aiki. Amma da na yi ta faɗa ta ce ta ji, ta kuma karɓe maganin daga hannuna, ta ce ita ba yarinya ba ce da za a riƙa bi da ɗigo. Ni kuma da sakarcina na yarda.

Ana gobe ƙaramar Sallah maigidana Malam Sa'idu ya sayo hula a kasuwar Jimeta. Goggo tana da wani hali, duk hular da ta shigo gidanmu sai ta juya cikinta ta kushe mai ɗinkin. Ta ɗiga magani, ta karɓi hular, ta kai ta bakin ƙofa wajen haske. Muna jiran ta fara zagi sai muka ga ta ƙura wa cikin hular ido. A cikin bakin hular akwai wani ɗan ɗinki uku da jan zare, kamar sawun kaza. Haka uwarsu ta koya musu rufe aiki. Asta kuma bahaguwa ce, sawun nata hagu yake karkata.

"Wannan hannun Asta ne," in ji Goggo. "Kuma zaren sabo ne."

Malam Sa'idu bai yi Sallah da hular nan ba. Ya koma wajen mai hula, aka ce masa daga Garwa ta ƙasar Kamaru ake kawo su, wajen wani dillali Alhaji Bakari. Muka kira shi, ya ce mata da yawa ke yi masa ɗinki, bai san sunayensu ba, amma mu zo gidansa a buɗe yake. Malam bai samu izini a ofis ba, ni kuma sai bayan mako uku za a ba mu hutu. Goggo ta yi makonnin nan hular na kan cinyarta, tana juya ta tana bin layin ɗinkin da farce. Ni tsoro biyu nake ji. Kada mu je a ce ba Asta ba ce, zuciyar tsohuwar nan ta karye a ƙasar mutane. Kada kuma idon ya ƙi, mu je ta kasa gane wadda ta je nema.

Mun isa tasha da sassafe, motar Belel, garin da ke kan iyaka, ba ta cika ba sai wajen ƙarfe goma. Direbanmu Buba ya loda kwalayen taliya da bokitai har motar ta durƙusa, sannan ya cusa mu. Muka haye gada, muka wuce Vinikilang, zafi kamar a bakin murhu. Gilashin da ke gefen Goggo a sauke yake, iska na dukan idonta kai tsaye, abin da likita ya fi hana ta. Na ce Buba ya ba ni abin murɗa gilashi. Ya ce ai guda ɗaya ne a duk motar, ana miƙa shi hannu da hannu, yau kuma ya manta shi a gida. Na ce Allah Ya shirye ka, Buba. Ya ce amin, Hajiya, har da motar.

Na naɗe wa Goggo fuska da mayafi, sai mota ta koma asibiti. Wata Madam Naomi mai sayar da busasshen kifi ta ce ruwan nonon mai jego ne maganin. Wani dattijo ya ce ruwan sukari. Matarsa ta ce kwalli dai, kwalli, me ya samu mutanen yanzu. Na ce duk na gode, amma duk wanda ya kusanto idon nan da wani abu da ni zai yi. Madam Naomi ta ce an ga malamar makaranta, ta miƙo mini kifi, muka shirya. Duk lokacin da na tambayi Goggo ko ta ɗiga sai ta ce ta ɗiga, ko ta juya mini baya ta yi cikin mayafi.

Bayan mun karkata daga Jabbi Lamba hanya ta lalace, kafin Malabu taya ta fashe. Muka zauna ƙarƙashin wata tsamiya muka sha nono da dakkere, irin furar Fulani, wajen wasu 'yan mata biyu. Goggo ta fito da hular ta nuna wa kowa sawun kazar, har da mai facin da Buba ya je ya ɗauko a kan mashin. Dattijon nan ya ce Allah Ya sa ita ce. Madam Naomi ta ce za ta sa a yi mana addu'a a cocinsu. Goggo ta ce mata useko, wato ta gode, ta riƙe hannunta har aka gama faci.

A kan iyaka ta ɓangarenmu ba a sha wahala ba, katin ɗan ƙasa da na rigakafi kawai aka duba. Da muka tsallaka sai ga wani jandarma dogo, ya fara mana Faransanci, ya ga mun yi tsuru-tsuru, ya koma Fulatanci irin na tsakar gida. Yana binciken jakata ya ci karo da robobi goma da na riƙo don ko-ta-kwana. Ya ɗaga su sama yana juyawa, ya ce wannan allura ce ko ƙwaya. Na miƙa masa takardar likita, ita kuma da Turancin Ingilishi, ya riƙe ta kamar yadda ni zan riƙe tasu. Ya ce in da gaske na ido ne, a ɗiga a gabansa ya gani.

Na kama guda zan murɗe, Goggo ta damƙe hannuna ta ce kar na fasa sabo. Ta kwance bakin zanenta, ta fito da wata 'yar leda. A ciki robobi uku ne buɗaɗɗu, kowace an toshe bakinta da tsinken tsintsiya. Tsinken tsintsiya, jama'a, irin wanda ake share tsakar gida da shi. Ashe roba ɗaya kwana biyu take yi mata.

Wallahi na manta a gaban hukuma nake. Na ce Goggo so kike ki makance? Na ce duk bayanin da likita ya yi a banza, duk bakin da na ɓata a banza, rowa har da idonki. Na faɗi maganganun da bai kamata 'ya ta faɗa wa yayar ubanta ba. Jandarman da ya tsare mu shi ya koma ba ni haƙuri, yana cewa Madam, uwa ce, a yi a hankali. Na watsa buɗaɗɗun cikin ciyawa, na murɗe sabo na ɗiga mata a gabansa, ya mayar mana da kayanmu yana dariya. Na tambaye ta to ina sauran da ba ta buɗe ba. Ta ce nata ne. Daga nan har Garwa ba ta sake ce mini uffan ba.

Mun shiga Garwa da la'asar. Ku da kuka saba da keke napep a Jimeta, can mashin ne ko'ina, mata da tsofaffi kowa a kai. Rabona da hawa mashin tun kafin a hana su a nan. Na hau ina salati, Goggo kuwa ta zauna daram a nata, hannu ɗaya a kafaɗar mai mashin, ɗaya a kan hular, ko kallona ba ta yi. Garin kamar Yola aka ɗauka aka sa masa allunan Faransanci. Gaisuwa ɗaya, kogi ɗaya, zafi ɗaya, har fuskokin sai ka rantse ka san su.

Matar Alhaji Bakari, Hajiya Dija, ta karɓe mu kamar ta shekara tana jiranmu. Ta ba mu ɗakin surukarta, ta kawo tuwon masara da miyar yakuwa da gyaɗa, da gasasshen kifi, da wani rogo da ake ƙullewa cikin ganye, mai tsami da danƙo. Ni ban iya shi ba, Goggo ta cinye nata da nawa. Da safe aka kawo burodin da kuke tambaya. E, ya kai tsawon hannu, bayansa da tauri, a tsaga shi a zuba wake da taliya a ciki. Taliya cikin burodi! Goggo ta ƙwanƙwasa shi a bakin tire ta ce wannan ai na korar akuya ne. Ita ce maganarta ta farko gare ni tun kan iyaka, na san an fara huce mini.

Sai dai idonta na hagu ya kwana ya yi ja, ya manne da kwantsa. Hajiya Dija ta kai mu wani ƙaramin asibiti a unguwarsu. Ma'aikacin ya duba ya ce datti ne ya shiga, ya ba da wani magani daban na kwana biyar, ya ce Allah Ya taimake mu mun zo da wuri. Da Hajiya ta fassara masa labarin tsinken tsintsiya sai ya ajiye biro ya kalli Goggo ya daɗe. Ita ko a jikinta. Na ce mu huta yini ɗaya idon ya lafa. Ta ce ta huta shekara goma.

Hajiya Dija ta san matan da ke yi wa mijinta ɗinki, yawancinsu mutanenmu ne da suka tsallaka lokacin gudu suka zauna a wata unguwa a bayan gari. Gidan farko da muka shiga wata mace ta fito, doguwa, siririya. Goggo da ido ɗaya a rufe, ɗayan yana gani dishi-dishi, ta saki hannuna ta rungume ta tana kiran Asta. Matar ta bari ta gama, sannan ta ce a hankali ita sunanta Falmata, daga Bama take. Abin da na ji tsoro tun daga gida ga shi a gabana. Goggo ta lalubi wani turmi ta zauna a kai, ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Falmata ta karɓi hular ta juya cikinta, ta ce ai wannan ta Bahaguwa ce, haka suke kiranta, gidanta na bayan masallaci. Ta ce amma ta daina ɗinki tun kafin azumi, ido ya hana ta, wannan ma tana cikin na ƙarshe da ta yi. Goggo ta ce, "Na sani." Na ɗauka ruɗewa ce irin ta tsufa, ban kula ba.

Mun same ta a inuwar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa da lalube, ta ɗora jiƙaƙƙen tsumma a kan idonta. Goggo ba ta kira sunanta ba wannan karon. Ta matsa ta ajiye mata hular a cinya. Matar ta sa babban yatsanta na hagu cikin bakin hular ta shafa, ta ce in gyara aka kawo a yi haƙuri, idonta ya ƙi.

Goggo ta ce, "Tun kina yarinya nake ce miki ki daina jan zaren tsakiya da ƙarfi. Har yau ba ki ji ba."

Matar ta cire tsumman. Ta kira ta yadda Fulani ke kiran babbar yaya, ta ce, "Adda?"

Ni dai fita na yi na jingina da katanga na yi kukana, Hajiya Dija na taya ni. Da na dawo suna zaune kafaɗa da kafaɗa a tabarma ɗaya suna magana ƙasa-ƙasa. Ranar gudun nan Asta da ƙafa ta tsallaka iyaka. An gaya mata motar da yayarta ta shiga an ƙone ta a hanya. Ta taɓa komawa Mubi sau ɗaya ta tarar da baƙi a gidansu, gidanmu na Jimeta kuma ba ta taɓa sani ba. Ita ma ta yi wa Goggo sadakar mamaci, har ta faɗi abin da ta dafa, Goggo ta ce ai kuwa ta yi mata rowa.

Kun riga kun san mu uku muka dawo, wasunku sun gan su a barandarmu suna gardama kan zare. Kun san an kai Asta wajen likita ya ce ciwon iri ɗaya ne da na yayarta, kun kuma san Malam Sa'idu har yau bai ga hularsa ba. Abin da ban gaya wa kowa ba shi ne abin da ya faru a kan tabarmar nan kafin mu tashi.

Goggo ta sa hannu cikin zanenta ta kwanto lalitarta, ta zazzage a tabarma. Robobin magani ne, sababbi, manne da juna biyar-biyar, sun fi sittin. Duk wanda ya kamata ta ɗiga tun daga ranar da hular ta shigo gidanmu. Ta ɗauki hular ta nuna mini. Ta ce daga sama layin ya tafi daidai, amma kusa da baki allura ta fara tsallake zare bibbiyu, nan da can, daidai yadda tata ta fara yi lokacin da idonta ya soma bushewa. Tun a bakin ƙofarmu ta gane mai ɗinkin nan tana ɗinki tana lumshe ido.

"Shekara goma ban gan ta ba, Kulu," ta ce. "Sai in zo mata hannu rabbana?"

Na tuna abin da na faɗa mata a gaban jandarma, rowa har da idonki, na ji kamar ƙasa ta tsage na shige. Na ce Goggo me ya hana ki gaya mini, da na sayo nata daban. Ta ce da ta gaya mini da na ce hula ba ta magana. Gaskiyarta, da haka zan ce.

Na ce a bari likita ya fara ganin Asta. Goggo ta ce likita gobe, yau nata ne. Ta sa aka kawo ruwa da sabulu ta wanke hannu har wuyan hannu, yadda na shekara ina roƙonta ta riƙa yi. Ta kwantar da kan ƙanwarta a cinyarta, ta murɗe kan roba ɗaya, ta ɗiga a dama, ta ɗiga a hagu. Asta ta yi ta ƙifta ido, sannan ta tsaya tana kallon fuskar da ke samanta.

"Adda, kin tsufa," ta ce.

"Ke kuma an ce miki yarinya ce?"

Asta ta tashi zaune ta karɓi robar, ta ɗaga ta ga akwai saura a ciki. Sai na ga ta miƙa hannun hagu wajen tsintsiyar da ke jingine da bango, ta fara karyar tsinke. Na buɗe baki zan yi magana, Goggo ta riga ni. Ta buge mata hannu, ta ƙwace robar, ta wurga ta cikin kwandon shara da hannunta.

"Yar da shi ake yi," ta ce. Ta tura mata sauran tulin gabanta. "Akwai wani."